Jatau ya daina tasowa: amsa ga uwar da kifin ɗanta ya tsufa

Wasiƙar wannan makon daga Zariya ta fito, daga wata uwa da ta ce a sakaya sunanta. Na ɗan rage mata tsawo, ga abin da ta ce:

"Assalamu alaikum Anti. Shekara uku da 'yan watanni ke nan da baban yarana ya sayo wa ɗanmu wani jan kifi mai dogon fiffike, irin wanda ake kira beta. Yaron ya raɗa masa suna Jatau. A lokacin shekarunsa biyar, yanzu takwas. Ni ce mai ba shi abinci da canza masa ruwa, har ya saba da ni, da na matso sai ya taso. Tun ƙarshen damina na ga ya fara sauyawa. Jan nasa ya koɗe, bayansa ya ɗan lanƙwashe, yini yake kwance a ƙasan tanki, in na zuba abinci sai ya kai cafka ya kuskure. Da sanyin nan ya shigo abin ya ƙaru. Mai shago ya ba ni wani shuɗin magani, ya ce in riƙa haɗawa da gishiri, yau mako biyu ban ga sauƙi ba. Tankin dogo ne, yana cin lita 15, akwai ƙaramar filta, babu hita. A gida dariya ake yi mini, wai ina damuwa a kan abin da ake yi wa miya. Wata ma ta ce in zuba shi a masai in sayo mai kama da shi kafin yaron ya taso daga makaranta. Anti, ciwo ne ko tsufa? Kuma me zan ce wa yarona?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya saka miki da alheri da wannan kulawa. Bari in fara da lissafin shekaru, domin shi zai ɗan kwantar miki da hankali. Kifin beta yakan rayu shekara biyu zuwa huɗu, kaɗan ne ke kaiwa biyar. Kuma namijin da ake kawowa shago da cikakken fiffike da launi ya riga ya yi wata shida zuwa shekara guda a duniya, saboda sai ya girma yake yin kyan da zai ja mai saye. Idan kin haɗa wannan da shekara ukun da ya yi a hannunki, Jatau yana kusa da shekara huɗu. Dattijo ne. Da ba a iya riƙonsa ba, da bai kawo yau ba, don haka ki cire wa ranki cewa wani sakaci kika yi.

Abubuwan da kika lissafa kuma sun fi kama da tsufa. Tsufa a sannu yake zuwa, cikin watanni, kamar yadda kika ce tun ƙarshen damina: launi ya dusashe, jiki ya rame ta wajen baya, barci ya yawaita, ido ya yi yana har ya riƙa kuskuren abinci. Ciwo shi kuwa yakan bayyana cikin kwana biyu ko uku, kuma yana barin shaida a jiki. Ki ɗauki tocila da dare ki haska shi ta gefe. Idan kin ga fararen ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri, ko wata ƙura mai ruwan zinare a fatarsa, ko bakin fiffikensa ya yi baƙi yana zagwanyewa kullum, ko wani abu fari kamar auduga, to akwai cuta a kan tsufan, kuma waɗannan suna jin magani. Sannan ki leƙa shi ta sama. Idan cikinsa ya kumbura, ɓawon jikinsa ya miƙe tsaye kamar bayan abarba, wannan alama ce ta cewa ƙodarsa ta gaza, ruwa ya taru masa a jiki, kuma tsohon kifi ba kasafai yake tashi daga wannan ba. In ba ki ga ko ɗaya ba, ki daina zuba shuɗin maganin nan da gishirin. Magani ne na gaske, yana da inda yake aiki, amma ba ya mayar da ƙuruciya, kuma yana kashe ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a soson filta, waɗanda su ne ke narkar da amoniyar da ke fita daga kashin kifi da ragowar abinci. Gishiri kuma na 'yan kwanaki ne. Kifin ruwan daɗi da aka bari cikinsa mako da makonni ƙodarsa ce ke shan wahala. Kada ki zubar da ruwan gaba ɗaya don ki rabu da su. Ki riƙa ɗibar kashi ɗaya cikin huɗu kina mayar da sabo duk bayan kwana biyu, a hankali za su fita.

Amma kafin mu ɗora komai a kan shekaru, akwai maganar da kika faɗa a tsakiyar wasiƙarki wadda ta fi tsaya mini a rai: "da sanyin nan ya shigo abin ya ƙaru." Asalin wannan kifi ƙasar Tailan ne, wadda a da ake kira Siyam, da maƙwabtanta na yankin kogin Mekon. A gonakin shinkafa da fadamu da kududdufai yake rayuwa, inda ruwa ke da ɗumi kusan duk shekara. Mutanen can suna kiransa "pla kat", wato kifi mai cizo, saboda faɗan da mazan ke yi da juna, kuma suna ji da shi har a 2019 gwamnatinsu ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Ruwan da ya dace da shi digiri 25 zuwa 27 ne. Kifi ba ya samar wa jikinsa ɗumi kamar mu, zafin ruwan da yake ciki shi ne zafin jikinsa. Ke kin san asubar Zariya a watan Disamba da Janairu, lokacin da iska ke sauka ƙasa da digiri 15. Tankin da ba shi da hita yakan bi ɗakin ya yi sanyi cikin dare, ya ɗan ɗumama da rana, ya sake sauka. Da yana matashi ya jure hunturu uku, shi ya sa ba ki lura ba. Yanzu ƙarfin jurewar ya ragu. Sanyi yana sa shi kasala, ya hana abinci narkewa a cikinsa, ya buɗe wa cututtuka ƙofa. Na sha ganin kifin da aka yanke wa ƙauna ya ɗago kai cikin mako guda don kawai an ɗumama masa ruwa.

Saboda haka abu na farko da za ki saya ma'aunin zafi ne na tanki, ba shi da tsada. Ki duba da asuba, ki duba da la'asar. Sai ƙaramar hita mai wat 25, irin wadda ke kashe kanta in ruwa ya kai zafin da aka saita. Kada ki ɗaga zafin a tashi ɗaya. Digiri ɗaya duk bayan 'yan sa'o'i ya isa. Idan an ɗauke wuta da dare, ki naɗe tankin da bargo ki bar ɗan wurin shigar iska ta sama, ki cika robar ruwa da ruwan ɗumi, ki rufe ta sosai ki sa ta yi yawo a kan ruwan. Kada ki zuba ruwan zafi kai tsaye a ciki. Ki kuma janye tankin daga jikin taga da bakin ƙofa.

Yanzu ga maganar da nake so ki riƙe fiye da kowace. Beta ba ta kumatunsa kawai yake numfashi ba kamar karfasa. Allah ya yi masa wata gaɓa a cikin kai, a saman kumatun, wadda yake shaƙar iskar sarari da ita. Da ita kakanninsa suka rayu a ruwan fadama mai ƙarancin iska. Shi ya sa kike ganin yana tasowa lokaci zuwa lokaci ya buɗe baki a saman ruwa ya koma. Wannan tasowar tana da matuƙar muhimmanci gare shi. To ki dubi halin da Jatau yake ciki: jiki ya yi rauni, ga dogon fiffike da yake ja kamar tsoho sanye da babbar riga jiƙaƙƙiya, ga tanki mai zurfi. Duk numfashin da zai yi sai ya yi hawa daga ƙasa zuwa sama, ya sake sulalewa ya faɗi. Ƙarfin da ya kamata ya tafi wajen cin abinci da warkewa a hanya yake ƙarewa. Tsohon beta yana iya galabaita a cikin ruwan da ya rayu a ciki shekara da shekaru, don kawai saman ya yi masa nisa.

Ki rage zurfin ruwan ya dawo kamar santimita 12 zuwa 15, wato bai kai taki ɗaya na hannunki ba. Ki yi hakan a kwana biyu ko uku. Sannan ki yi masa wurin kwanciya dab da saman ruwa, kamar yatsa biyu a ƙasa, yadda in ya ɗaga kai kawai zai sami iska. Ana sayar da ganyen roba mai mannewa a jikin gilashi don wannan aikin, amma ba sai shi ba. Tsiron ruwa mai faffaɗan ganye yana yi, ƙaramin kofin tangaran da ba a taɓa wanke shi da sabulu ba, a kife shi, shi ma yana yi. Abin lura shi ne kada ya kasance da kaifi. Ki shafa abin a jikin siririn gyale. In ya kama zare, zai yaga fiffike. Ki yi irin wannan wuri biyu ko uku, ɗaya kusa da hita. Da kin rage ruwa, ki kwantar da hitar a kwance don ta nutse duka, saboda hitar da ta fito sarari tana kunne takan fashe, kuma ki riƙa cire ta daga wuta duk lokacin da za ki ɗebi ruwa.

Filtar ma ki dube ta. Idan tana turo ruwa har kina ganin fiffikensa na kaɗawa, ta yi masa ƙarfi. Ki ɗaura soso mai tsabta a bakinta ko ki rage ta. Ki rufe tankin da murfi mai 'yan huji, domin iskar da ke tsakanin ruwa da murfi ta zauna da ɗumi da laima. Busasshiyar iskar hunturu ba ta yi wa wannan gaɓar numfashi daɗi. In akwai madubi a kusa, ko kina nuna masa don ya baje fiffike yaron ya gani, a daina. Shi a ganinsa abokin gaba ne ya zo, kuma ba shi da sauran ƙarfin faɗa. Tunda idonsa ya raunana, bayan wannan gyaran kada ki sake sauya wa kayan cikin tankin wuri, da sabo yake gane hanya.

Rage ruwa yana da nasa nauyi: lita bakwai ko takwas sun fi saurin ɓaci a kan goma sha biyar. Don haka bayan maganin ya fita, ki ci gaba da canza kashi ɗaya cikin huɗu sau biyu a mako. Ki tari ruwan tun jiya ki ajiye shi a ɗakin, ki gwada da ma'auni ya zo daidai da na tanki. In na famfo ne ki sa maganin cire kulorin da masu kifi ke sayarwa. In na rijiyar burtsatse kika saba ba shi, ki tsaya a kansa, kada ki riƙa sauya masa ruwa iri-iri. Soson filta a cikin tsohon ruwan da kika ɗiba ake matse shi. Wasu masu kiwon beta, tun daga can ƙasarsa, suna jefa busasshen ganyen almon na ƙasashe masu zafi, mai faɗin nan da ke yin ja kafin ya faɗo. Yana rina ruwa kamar shayi marar kauri, kifin kuma yakan natsu a ciki. In kin samu wanda ba a yi wa feshi ba, rabin ganye ya isa.

Akwai abubuwa biyu na gidajenmu da nake roƙon ki kiyaye. Na farko maganin sauro, na fesawa da na kunnawa. Sinadarin da ke cikin yawancinsu dafi ne mai tsanani ga kifi, ɗan kaɗan ya sauka a kan ruwa ya isa. In za a yi feshi a rufe tankin ruf, ko a bar ɗakin nan ba feshi a yi amfani da gidan sauro. Hayaƙin turaren wuta ma a nisanta shi. Na biyu hannunki. Lokacin sanyi ne, kowa na shan mai da basilin. Kafin ki tsoma hannu ki ɗauraye shi da ruwa zalla sosai, bayan kin gama kuma ki wanke da sabulu. In kina da yanka ko faso a hannu kada ki tsoma, yaron ma haka, domin akwai wata ƙwayar cuta ta kifi, dangin ta tarin fuka, da ke sa kifi ramewa da lanƙwashewar baya, kuma tana iya shiga fatar mutum ta rauni ta haifar da ƙurji mai naci.

Abinci kuwa, tunda yana kai cafka, yana da sha'awar ci, kuma wannan alama ce mai kyau. Ganin ne ya gaza. Ki kashe filta na ɗan lokaci don ruwa ya tsaya cak. Ki jiƙa ƙwayar abincin minti biyu ta yi laushi, ki ɗora ta a bakin tsinken sakace marar kaifi ki kai masa gaban bakinsa, ɗaya bayan ɗaya. Kullum a kusurwa ɗaya, a lokaci ɗaya, ki ɗan taɓa saman ruwa da yatsa kafin ki ba shi. Zai koyi cewa motsin nan kiran abinci ne. Ƙwaya biyu ko uku safe da yamma sun wadatar. Beta maci ƙwari ne, burodi da shinkafa ba abincinsa ba ne. In shagon na da daskararrun jajayen tsutsotsi na kifi, ƙanshinsu yakan tada sha'awar wanda ya fara ƙin ci. Tsutsar sauro abincinsa ce ta asali, amma kada ki tara ruwa a gida don ki kiwata ta, zazzaɓin cizon sauro ya fi ƙarfin wannan. Duk abin da ya faɗi ƙasa ki zuƙe shi da sirinji nan take. In ya ƙi ci kwana ɗaya ko biyu kada hankalinki ya tashi.

Da wannan kulawa zai iya ƙara makonni ko watanni cikin sauƙi. Ba zan ce miki zai koma Jataun da ba. Rana za ta zo da zai daina ci gaba ɗaya. Yawancinsu a kan ganyen nan suke kwanciya, numfashi ya yi ta raguwa, a wayi gari sun tafi, kuma in haka ta kasance babu abin da ake buƙata daga gare ki sai ki rage haske ki bar shi cikin natsuwa. Amma in kin ga ya kwanta a gefe ɗaya kwana da kwanaki, ba ya iya kai kansa sama ko da ruwan ya yi ƙasa, ko ya kumbura irin na abarba yana haki, to a nan masu kiwon kifi da likitocin dabbobi suke amfani da man kanumfari, wanda ke sa kifi barci. Ana sa kifin a ƙaramin mazubi da lita ɗaya ta ruwan tankinsa. A haɗa kusan rabin mililita na man da ɗan ruwan ɗumi a kwalba, a girgiza har ya yi fari kamar madara, a riƙa ɗiga shi kaɗan-kaɗan cikin minti biyar. Zai yi barci tukuna, sannan numfashi ya tsaya, a bar shi a ciki rabin sa'a bayan kumatunsa sun daina motsi. In akwai likitan dabbobi kusa, ya fi kyau shi ya yi. In kuma zuciyarki na da shakka ta fuskar addini, ki tambayi malamin da kika amince da shi tun yanzu, kafin ranar ta zo. Masai kuwa a'a, firiza ma a'a. Kifin da aka zuba a masai da ransa ba nan take yake mutuwa ba, a cikin ƙazanta da sinadarin wanki yake ƙarasawa. Wadda ta ba ki shawarar ba ta san haka ba ne, ki gaya mata da daɗin baki.

Maganar musanya shi a ɓoye, ban goyi baya ba. Yaro ɗan shekara takwas da ya yi shekara uku yana kallon kifi ɗaya ya san shi fiye da yadda kike zato. Zai ga sabon bai san shi ba, ba ya tasowa in ya matso, kuma ranar da ya gano gaskiya abin da zai tsaya masa shi ne Umma ta ɓoye masa. Ki zaunar da shi tun Jatau na da rai. Ki ce masa Jatau ya tsufa kamar yadda kakanni ke tsufa, kifi irinsa shekara huɗu ce tsawon rayuwarsa, kuma ba laifin kowa ba ne. Ki nanata wannan na ƙarshen, don yara sukan ɗora wa kansu laifi a ɓoye, ya tuna ranar da ya zuba abinci da yawa ko ya ƙwanƙwasa gilashi. Sannan ki ba shi aiki: shi ne mai karanta ma'aunin zafi da safe kafin ya tafi makaranta ya rubuta a littafi, shi ne mai riƙe tsinken abinci da yamma kina tsaye.

Masu dariya kuma, ba sai kin yi musu da su ba. Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, ya ba da labarin ƙaninsa ƙarami da ake yi wa alkunya da Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaron ya shiga damuwa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lura da shi, ya tambaye shi: ya Abu Umair, me ɗan tsuntsun ya yi? Ki ba ɗanki wannan labarin, zai ji daɗinsa. In ranar ta zo ya yi kuka, ki bar shi ya yi. Ku naɗe kifin a ɗan ƙyalle ku binne shi a gindin wata shuka a tsakar gida, da ɗan zurfi saboda kyanwa. Kada ki yi saurin sayo wani a ranar. Ki jira har yaron ya tambaya da kansa, kuma kafin sabo ya shiga a wanke tankin da ruwan zafi ba sabulu, a shanya shi a rana, a sa sabon soso.

Yau dai ki fara da daina maganin da rage zurfin ruwa, gobe ki nemo ma'auni da hita. Bayan mako biyu ki sake rubuto mini, ki faɗa mini zafin ruwan da asuba, da ƙwaya nawa yake ci, da ko ya karɓi wurin kwanciyar da kika yi masa. Ki gaishe mini da maigidan da yaran, musamman mai Jatau.